Ranar Da Kowa Ya Ɗaga Hannu Ban Da Ni

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi a Sabha ta ƙasar Libiya, ba zan taɓa mantawa da ranar da muka zuba dekin gidan Haji a unguwar Gurda ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi, ko da kuwa ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ni ne shugaban ma'aikata a ginin. Ba wai na fi kowa iya gini ba ne (gaskiya akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba), Larabci kawai na fi su. Na yi Islamiyya a Kano kafin in fito, na kuma daɗe a Sabha har bakina ya saba da irin Larabcin mutanen wurin. Duk abin da mai gida zai faɗa ta bakina yake bi, duk abin da ma'aikata za su faɗa ta bakina yake komawa. Mafi yawansu 'yan Nijar ne, suna kirana Shef, ni kuma sunan ya yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Mai gidan wani dattijon ɗan kasuwa ne, Haji muke ce masa. Mutum ne marar yawan magana, ba ya zagi, ba ya wulaƙanta lebura, amma idan ya yanke hukunci ya yanke ke nan. Ɗan ƙanensa ne injiniyan aikin, wanda kowa ke kira Muhandis.

Sai kuma Hamidu. Ba'adare ne daga wajen Tawa, dogo siriri, da rana yana tura baro tare da mu, da yamma idan mun tashi shi ne mai gadi. Akwai wani ɗan ɗaki a bakin ƙofar ginin, a nan yake kwana. Kada mai karatu ya raina ɗakin nan. Hamidu ba shi da takardu, kuma kafin ya samu wannan aikin a bakin titi yake tsayawa kowace safiya da shebur a hannu, yana jiran wanda zai ɗauke shi aikin yini. Duk wanda ya yi wannan tsayuwar ya san motar da ta tsaya a gabanka tana iya zama ta mai neman lebura, tana kuma iya zama ta masu kame. A cikin katangar Haji kuwa babu mai tambayarsa komai. Ya sha gaya mini cewa tun da ya shigo Libiya bai taɓa barci da ido biyu rufe ba sai a ɗakin nan.

Ana saura 'yan kwanaki mu yi zubi, Muhandis ya kira ni gefe ya yi mini wata nasiha da ya koyo a wurin karatunsa. Ya ce kafin kowane babban aiki, shugaba ya tara mutanensa ya tambaye su abin da zai iya lalacewa, domin su ne hannunsu ke cikin aikin. Ya ce kuma kada in yanke shawara da abin da nake ji a jikina, in yanke da abin da na auna. Daga nan ya ba ni wata farar hular kwano irin ta injiniyoyi.

Nasihar ta shige ni. Hular ta fi ta shiga ta.

Washegari na ƙirƙiro taron safe. Sai in hau kan tarin bulo, hula a ka, in sa kowa ya tsaya a gabana, in riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya.

"Baba Illiya, akwai matsala a wajen katako?"

"Babu, Shef. Sai alheri."

"Sani, injin kwaɓa fa?"

"Lafiya lau, Shef."

Haka zan bi su kaf, kowa ya ce lafiya, in sauko ina jin na tattara bayanai. Ni Bahaushe ɗan Bahaushe, wanda ya san ko a gadon asibiti aka tambayi mutuminmu jiki zai ce da sauƙi, ni ne na tsaya ina ɗaukar "lafiya lau" a matsayin rahoton aiki. (Idan ka ce ina hankalina ya tafi, ina jin yana ƙarƙashin hular nan, zafi ya dame shi.)

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ruwan famfo ya ɗauke a wannan ɓangaren na Gurda kwana da kwanaki. Mu kuwa muna da tankin ƙasa mai murfin ƙarfe, wanda motar ruwa ta cika mana shi musamman saboda zubi, ina tsaye a wurin har ya yi ambaliya. Ni a can unguwar Manshiya nake haya, da la'asar ta yi na kama hanya. Bayan tafiyata sai maƙwabta su fara ƙwanƙwasa ƙofa da jarkoki. Wani yana da marar lafiya, wani yaransa ba su yi wanka ba, wata tsohuwa ko na alwala ba ta da shi. Hamidu ya tashi a ƙasar da ba a hana mutum ruwa ko da abokin gaba ne. Ya ba na farko, ya ba na biyu, daga nan kuma ba shi da fuskar da zai hana na uku. Sauran ma'aikata duk sun sani, domin wasunsu sukan tsaya shan shayi a wurinsa, wasu ma su ke taya maƙwabtan jan guga.

Kuma don Allah ya isar mini da hujja, Hamidu ya yi ƙoƙarin faɗa. Ana jibi zubi, da na zo kansa a taron safe, bai ce lafiya ba. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar baro, ya ce:

"Shef, ni dai na ce... ruwan ga, in ya ƙare muna tsakar aiki hwa?"

Kafin in buɗe baki Baba Illiya, dattijon kafintanmu mutumin Damagaram, ya daka masa tsawa. "A'uzubillahi! Kai Hamidu, da sanyin safiyar nan? Kada ka yi mana baki."

A wurinmu ai haka abin yake. Wanda ya ambaci sharri kafin ya zo, kamar kiransa ya yi, idan kuma ya zo to shi za a kalla. Ni da ya kamata in ce a bar shi ya ƙarasa, sai na ga dama ta samu ta nuna iya barkwanci. Na ce, "Haba Hamidu, tankin da aka cika ina tsaye? Ko kai ne kake shanye mana shi idan mun tafi?"

Aka yi wata 'yar dariya gajeriya, kowa yana kallon ƙasa. Na ɗauka kwarjinina ne ya hana su sakewa. Hamidu ya ce, "A'a Shef, babu komi," ya koma bayan mutane. Murfin tankin yana nan kusa da inda nake tsaye, ɗaga shi ba zai ɗauke ni lokacin shan kofin shayi ba, amma ban ɗaga ba.

Da yamma Muhandis ya kira ni a waya ya tambayi shiri. Na ce na tambayi kowa da kowa, babu mai wata damuwa. Ya ce ruwa fa? Na ce cike yake, da idona na gani. Ban yi ƙarya ba, na gani, sai dai ban gaya masa yaushe ba, shi ma bai tambaya ba.

Ga wanda bai san aikin ba, zubin dekin abu ne da idan an fara ba a tsayawa. Kankare yana fita daga injin kwaɓa, ana hawa da shi sama, ana zubawa ana baje shi har a kai ƙarshen rufin a tashi ɗaya. Idan aka tsaya a tsakiya na farko ya bushe, na biyu ba zai kama shi yadda ya kamata ba, kuma a zafin Sabha bushewar ba ta jira. Mutanen garin suna girmama ranar, sabba suke ce mata. Mai gida yakan yanka rago, a dafa abinci mai yawa, 'yan'uwa da maƙwabta su zo su yi masa murna a ci tare da ma'aikata.

Haji ya yanka nasa ragon tun da asuba. Ya ɗauko mai dafa abinci daga cikin unguwa, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar katanga, manyan mutane suka zazzauna. Ni kuma na zo da wando da riga masu guga (a wurin zubin kankare, ka ji fa), hulata tana ƙyalli. Haji ya kira ni gaban baƙinsa ya tambaye ni ko komai ya kammala. Na dafa ƙirji na ce, "Ma fish mushkila, ya Haj," wato babu matsala. Ban tsaya nan ba, sai da na yi musu bayanin sabon tsarin da na kawo na tambayar ma'aikata kowace safiya, yadda matsala ba ta isa ta zo mana ba zato ba tsammani. Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce ma sha Allah.

Aka yi bismillah aka tada inji. Aiki ya yi kyau da farko, ba zan ɓoye ba. Mutanen nan sun iya aiki, suna gudu da baro suna waƙa, Baba Illiya yana ƙasa yana duba katakon tokare, ni ina sama ina nuna hannu nan da can kamar da ni ake yi. Rana ta ɗaga, mun kai wajen rabin rufin, sai na ji ƙarar famfon da ke jan ruwa daga tanki ta sauya. Ya yi tari, ya sake yi, sai ya koma zuƙar iska.

Sani ya kashe inji.

Na sauko da gudu na ɗaga murfin, a karo na farko tun ranar da aka cika shi. Babu komai a ciki sai laka, da wata yankakkiyar jarka mai igiya da ta faɗa wa wani.

Muhandis ya hau waya. Direban motar ruwanmu yana layin mai tun jiya, bai san ranar fitowa ba. Sauran masu motocin kowa an riga an kama shi, unguwa gaba ɗaya ƙishi take yi. Muna cikin haka sai ga maƙwabta sun fara shigowa, mutum da jarka, mutum da bokiti, wani da tukunyar girki. Sun ji abin da ya faru, suka kwaso abin da ya rage musu suka dawo mana da shi. Wallahi abin ya taɓa zuciyata, amma ruwan bai kai ya yi kwaɓi uku ba. Kankaren da ke sama ya fara fari yana tauri muna kallo. Muhandis ya hau ya duba inda zubin ya tsaya, ya sauko fuskarsa a murtuke. Ya ce a tsakiyar falo ya tsaya, wurin da babu ginshiƙi, ba zai sa hannu a kan wannan rufin ba. Sai an fasa.

Wani tsoho daga cikin maƙwabtan, da niyyar alheri, ya matsa kusa da Haji ya ce Allah ya saka wa mai gadinsa, domin ba don shi ba da ba su san yadda za su yi a kwanakin nan ba. A nan Haji ya fahimci inda ruwansa ya tafi.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce in tara masa ma'aikata. Muka taru a bakin buɗaɗɗen tankin, baƙinsa suna tsaye a bayansa. Ya ce in gaya musu da harshenmu, yana haɗa su da girman Allah, duk wanda ya san ruwan nan ba zai isa ba ya ɗaga hannu.

Ni na fassara. Da bakina na yi tambayar, har da ɗan kaurara murya, domin a zatona mutum ɗaya ne zai ɗaga.

Hamidu ya ɗaga. Sai Baba Illiya, wanda ya ce kada a yi mana baki, ya ɗaga nasa a hankali. Sai Sani. Sai na kusa da shi. An haɗa su da Allah, kuma abin ya riga ya faru, babu sauran abin ɓoyewa. Hannuwa suka yi ta tashi har ba wanda ya rage. Na waiwaya, sai na ga mai dafa abincin nan da aka ɗauko da safe, yana riƙe da ludayi, shi ma ya ɗaga.

A duk ma'aikatan nan mutum ɗaya ne hannunsa ke ƙasa, shi ne mai farar hula.

Ban san abin da ya shiga kaina ba. Kunya ce ta zama ni kaɗai, ina ji. Sai na ga hannuna ya fara tashi da kansa, har ya kai kafaɗa. Haji ya juyo ya dube ni ya ce, "Har kai?"

A cikin wannan ɗan lokacin na auna abin (aunawar da na yi ta farko ke nan a aikin gaba ɗaya). Idan na ce na sani, na zama maci amana, wanda ya dafa ƙirji ya yi ƙarya a gaban dattawa. Idan na ce ban sani ba, na zama shugaban da har mai ludayi ya fi shi sanin abin da ke faruwa a wurin aikinsa. Sai na wayance da gyara hula, kamar dama abin da hannun ya tashi yi ke nan. Sai hannun ya ture ta, ta zame ta faɗa cikin tankin. Ƙarar da ta yi a ƙasa ta daɗe tana amsawa.

Babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Ban sani ba, ya Haj."

Ya ce ya gani. Daga nan ya juya ga Hamidu, ya ce in fassara. Ya ce bai ga laifin wanda ya shayar da maƙwabci ba, shi ma da yana nan da ya bayar. Da an gaya masa ko jiya ne, da ya nemo wata motar, ko ya ɗaga zubin, ba abin da zai ragu a jikinsa. Amma ba zai iya barin ƙofarsa a hannun wanda zai ga abu ya yi shiru ba. Ya kwashe kayansa yau.

Na tsaya ban fassara ba. Na ce wa Haji ai ya faɗa, shekaranjiya a gaban kowa ya ce ruwan zai iya ƙarewa. Haji ya ce, to kai me ka yi? Na ce na mayar da abin wasa. Ya daɗe yana kallona, na tabbata a ransa ya san wanda ya fi cancantar ya kwashe kaya. Amma idan na tafi babu mai fassara masa, kuma ya riga ya furta a gaban baƙinsa. Ya ce tambaya daban, faɗa daban, in gaya wa mai gadi abin da ya ce.

Haka na juya na gaya wa Hamidu da Hausa cewa an kore shi. Ya saurara har na gama, ya ce, "To Shef, Allah shi sa haka ta fi alheri." Ya shiga ɗakin ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki butarsa da ɗan murhun shayinsa. Aka kawo naman rago da shinkafa, aka ce ya tsaya ya ci, ya ce ya ƙoshi. Ni ma ban iya ci ba.

Kwanakin da suka biyo baya da guduma muka yi su, muna fasa abin da muka zuba da hannunmu. Ban sake hawa kan bulo ba, ni ma gudumar na ɗauka. A wurin hutu, muna zaune a inuwa ana zagaya shayi, sai labarai suka fara fitowa ba tare da na tambaya ba. Wannan ya ce a wani gini da ya yi a unguwar Tayuri wuta ce ta ɗauke musu ana tsakiyar zubi. Wancan ya ce su yashi ne ya yanke. Sani ya ce bel ɗin injinmu ma irin wanda ya taɓa tsinke masa ne a wani wuri, kuma yadda wancan ya fara ke nan. Na ce don me ba ku taɓa gaya mini ba? Baba Illiya ya kurɓi shayinsa ya ce, "Shef, kana bisa bulo, jama'a na kallo, ka ce in tona ma ɗan'uwana asiri? Kuma wanda ya gwada ai mun ga yadda ka yi da shi."

Ranar zubi na biyu da asuba na zura sandar rodi a tankin na ga inda ruwa ya tsaya, na sa Muhandis ya lissafa ko zai isa, muka ajiye wata motar ruwan a ƙofa, muka sauya bel. Aka yi zubi aka gama lafiya. Da na ga ran Haji ya yi sanyi na roƙe shi ya bar ni in dawo da Hamidu, ko ba gadi ba, ko turin baro ne. Ya ce in je in kawo shi.

Na tafi Tayuri inda aka ce yana kwana wurin 'yan garinsu. Na tarar da su a wani ɗaki mai rufin kwano, na yi sallama na tambaye shi. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce ai Hamidu ya koma tsayuwar bakin titi, kuma a makon da ya wuce motar da ta tsaya ba ta masu neman lebura ba ce. An kwashe su. Shebur ɗinsa ma wani ne ya tsinto ya kawo, ga shi can a jingine.

Sai bayan watanni na ji muryarsa. Ya kira ni daga Agadas da wayar wani, an mayar da su ta mota, ya ce ya rame amma da sauƙi. Na fara ba shi haƙuri. Ya katse ni ya ce, "Bari wannan, Shef. Mutanen unguwar ga, ruwansu ya dawo? Tsohuwar nan ta bayan ginin, ita ɗai take."

Na ce ya dawo. Ya ce alhamdu lillahi, kuɗin wayar mutane na tafiya, sai wata rana.

Har yanzu ina shugabancin ma'aikata, kuma na rage wauta kaɗan. Ba na tara mutane in tambaye su abin da zai lalace, na san ba za su kira sharri da bakinsu ba. Nakan zauna da mutum shi kaɗai in ce ya ba ni labarin aikin da ya taɓa ɓaci a hannunsa, a cikin labarin nake tsintar abin da yake tsoro a namu. Abin da ke da murfi kuma nakan ɗaga in leƙa. Idan wani ya buɗe baki da kyar ya faɗi abin da ba na son ji, nakan haɗiye barkwancina duk daɗinsa, domin na ƙarshe da na yi ni na yi dariyar, wani ne ya kwana a waje.